Wanzamin da Ya Wuce Surukinsa a Kan Keke

A gyara zama, a kawar da awaki daga hanya, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Bunyaminu Wanzami, ɗan wanzami jikan wanzami, sarkin aska na yammacin Bagudo, mai ƙasa biyu da keke ɗaya, wanda ke aske talakan Ingila da safe ya aske na Faransa da azahar, duka biyun kuma su sallame shi da dawa. Ga mutumin da ya kawo mana 'yancin kai tun Turawa ba su gama ɗaure kayansu ba, ya kawo shi a kan sirdi, idonsa cike da ƙwalla, bai ma san abin da ya ɗauko ba. In ka gamu da shi a hanya ba za ka ce shi ne ba. Gajere ne, muryarsa 'yar ƙarama, hularsa kullum ta fi kansa girma.

Ƙauyenmu yana can bayan Kwara, inda ƙasar Bagudo ke ƙarewa Dahome ta fara. Ba mai iya nuna maka daidai inda ta ƙare ɗin. Akwai dai wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, da bukkar jandarma guda, ɗan sandan Faransa, a gefensa, shi ke nan iyakar. Gidajen askin Bunyaminu rabi suna nan, rabi suna can. A wurin wanzamai gida gadonsa ake yi kamar gona: wanda ya aske jariri ranar suna shi zai cire masa beli, shi zai yi masa kaciya, shi zai gyara masa fuska ranar aure, in tsufa ya zo baya ya fara ƙara shi zai kafa masa ƙaho. Amma gadon da sharaɗinsa. Ranar suna dole a gan ka a ƙofar gida da sassafe. In ba ka zo ba har wani ya ɗora aska a kan yaron, yaro ya zama nasa, sauran gidan kuma a hankali sukan bi yaro.

Bayan aska, abin da aka fi sanin Bunyaminu da shi ladabi ne. Kowa ya san ba a gaida babba daga kan keke. Sauka ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Kowa na yi gwargwadon hali, shi kuwa ya mai da abin sana'a ta biyu. Yana sauka wa liman, yana sauka wa mai gari, yana sauka wa duk wanda gemunsa ya fara fari, har an taɓa ganin ya sauka ya rusuna wa dokin mai gari da ke ɗaure a turke, wai ai mai shi ba ya nesa. Ga keken nasa dogo, irin wanda aka ƙera don Turawa masu ƙafafun zalɓe, in yana kan sirdi yatsunsa ba sa taɓa ƙasa. Hawansa shi ne ya ruga da keken ya ɗane, saukarsa kuwa ya wurga ƙafar dama ta baya ya yi tsalle ya dira. Haka yake yi daga ƙofar gidansa har Dahome, ɗane, dira, durƙusa, shekara da shekaru. Masu cewa ladabi bai taɓa cutar da kowa ba ba su ga ƙugun Bunyaminu ba.

Ciwon a ƙugu ya fara, sannan ya gangara ƙafar hagu kamar an zura masa waya mai zafi. Mutumin da ya daɗe yana gaya wa tsofaffi cewa ciwon baya mataccen jini ne kawai, ƙaho biyu ya ishe shi, sai ya gano hannunsa ba ya kaiwa nasa bayan. Wanzamin da ke kusa ɗaya ne, Namadi, wanda bai daɗe da sayen keke ba kuma idonsa na kan gidajen Bunyaminu kamar idon shaho a kan 'yan tsaki. Gara mutuwa da ya kwanta rub da ciki a gaban Namadi. Sai ya rufe ƙofa ya koya wa matarsa Hamsatu, ta yi ta tsotsar ƙaho har leɓenta ya kumbura. Jini ya fita, ciwo ya gyara zama.

Da ƙafar ta fara mutuwa, 'yan'uwa suka ɗauke shi a kan asabari, kwalekwale ya ƙetare da shi, aka sa shi a motar kaya daga Bagudo, sai wani asibitin ƙashi a Kano. Likita ya ce wani guringuntsi ne tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya, sai an buɗe. Aka sa shi barci, aka yanka, aka ɗinke. Abin da ya fi yi masa ciwo da ya farka shi ne an yi aikin wuƙa a jikinsa bai gani ba. Ya roƙa aka nuna masa wuƙar, ya juya ta, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa, ya ce ba laifi. Ranar sallama likita ya sa tafinta ya jero masa dokoki: kada ya murɗa ƙugu, kada ya sunkuya da sauri, kada ya yi tsalle, kada ya ɗauki nauyi, keke kuwa sai ya warke sosai, shi ma a hankali, a miƙe. A duk jawabin nan Bunyaminu keke kawai ya ji.

Ya dawo gida da damina, yana tafiya a miƙe kamar taɓarya. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce masa ya warke sarai, ya ma fi da, kuma a gaskiya ƙaho ne ya gama aikin, Bature rufewa kawai ya yi. Dole ya faɗi haka. Kafin ya dawo Namadi ya riga ya cinye masa gidaje nan da can, kuma wanzamin da bayansa ya gagari ƙahonsa, wa zai miƙa masa nasa bayan?

A ɓoye kuwa, cikin gida, ya koma koyon keke kamar yaro. Hamsatu ta kife turmi, ta riƙe masa keken, ya taka turmin ya zura ƙafa a hankali ya zauna. Sai ya yi ta zagaya rumbu, kaji na watsewa. In ya gaji ta cafke kariyar baya, ƙarfen nan da ake ɗora kaya, ta jawo shi gefen turmi, ya sauko yadda ya hau. Abin mamaki, tuƙin ba ya masa ciwo, ya ma fi masa tafiyar ƙasa daɗi. Sau ɗaya ya gwada tsohuwar dirarsa ba ta gani ba, ta zo ta same shi kwance kusa da akurki yana salati cikin raɗa. Bai sake gwadawa ba.

Ana cikin haka goro ya iso daga Tungar Maliki, can bayan farin dutsen. An yi haihuwa, namiji, jikan tsoho Maliki ta wurin babban ɗansa. Maliki shi ne uban tungar, inda ya sa ƙafa nan kowa ke sawa. Kakan Bunyaminu ne ya aske shi ranar sunansa. In gidan Maliki ya tafi, duk gidajen Dahome sun tafi, Bunyaminu ya zama wanzamin rabin ƙauye. Kuma ɗan aiken ya faɗi, kamar ba da gangan ba, cewa an kai wa Namadi nasa goron, don kada a yi rashin sa'a.

Hamsatu ta ce ya hau jaki. Ya ce wanzamin da aka sani da keke in ya iso a kan jaki ai ya yi shelar rashin lafiyarsa ke nan, kuma jaki girgiza yake yi. Ta ce ya tafi tun jajibiri a ƙasa ya kwana can. Ya ce sai a tambaye shi ina keken. Ta shiga shiri, don ta san in maganarsa ta ƙanƙance haka ba ta juyuwa. Ta naɗe sirdin da tsohon zane. Ta ɗaure zabira a kan keken don kada ta ja masa kafaɗa. Ta ɗaure masa ƙugu tamau da rawanin babansa, ta saukar da riga a kai. Babu abin da ba su yi tunani ba. Da gari ya waye ya taka turmi ya hau, ta turo shi ta zaure har waje, ta yi masa addu'a ta saki.

Bai yi nisa ba ya hango Liman Ma'azu tsaye a ƙofar masallaci da carbi, hannunsa ya kai kan birki da kansa, kamar yadda ya saba. A nan ya tuna turmi yana gida.

Ya saki birkin. Ya duƙar da kai iyakar abin da rawanin ya bari, ya ce Allah gafarta malam da 'yar muryarsa, ya wuce. Liman ya bi shi da kallo, carbi ya tsaya a hannunsa. Gaba kaɗan ga ƙofar mai gari, wurin da ko kare sai ya rage sauri, mai gari kuwa ya fito yana zaune a kan buzu da mutanensa. Bunyaminu ya rasa abin yi, don tsananin ladabi sai ya kaɗa ƙararrawa. Ita ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Wani dattijo ya miƙe tsaye don ya tabbatar da idonsa.

To, ku tuna wace shekara ce. Dahome ta riga ta karɓi 'yancinta a daminar nan, namu ana cewa saura kaɗan, kuma akwai wata jam'iyya da samarinta ke yawo suna cewa talaka ya daina tuɓe wa kowa takalmi. Mai gari ya tsani jin sunanta. Bunyaminu ya fi shi tsana, har in ɗaya daga cikin samarin ya zo aski sai ya sha wa'azi tun daga ƙeya har goshi. Mu samarin muna zaune a bencin tela muna jiran koko, muka ga abin da ya faru a ƙofar mai gari. Kafin ya iso inda muke mun miƙe muna tafi. Wani ya cire hula ya wurga sama. Bunyaminu ya dube mu kamar wanda aka watsa wa ruwan wanki, ya ƙara taka feda.

Saura guda, wadda ta fi duka. A bakin gari surukinsa, uban Hamsatu, yana tafe daga gona da dami a ka. Wannan mutum ne da Bunyaminu bai taɓa kallon idonsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi yakan sauka tun daga nesa ya shiga cikin dawa ya durƙusa. Hanya ɗaya ce, siririya, dawa ta rufe dama da hagu. Tsohon ne ya kauce ya shiga cikin dawa da daminsa, ya ba mijin 'yarsa hanya. Daga nan har farin dutse Bunyaminu kuka yake yi, ba na ciwo ba, don bayan lafiya lau yake.

A iyaka jandarman na wanke baki a ƙofar bukkarsa. Shi ma Bunyaminu ke masa aski, kuma ya saba ganin ya sauka ya gaida shi, ya gaida tutar ma. Yau ya wuce kamar iska. Jandarma ya ɗaga murya ya tuna masa cewa a Dahome dama ake bi ba hagu ba, ko da yake hanyar ba ta fi faɗin tafin ƙafa biyu ba, sannan ya koma ga asuwakinsa.

Ya iso Tungar Maliki a kan lokaci. An shimfiɗa tabarmi a gindin ƙirya, dattawa sun zauna, rago na ɗaure, Maliki na tsakiya da sandarsa a kan cinya. A gefe ga Namadi, ya jingine sabon kekensa, ya buɗe zabira, yana wasa aska a hankali yadda kowa zai ji. Da aka hango Bunyaminu aka ce ga shi nan, ga shi nan, aka fara matsa masa wuri a tabarma.

Ya zo daidai tabarmar, ya yi sallama, ya wuce. Ya zagaya ƙiryar ya dawo, ya ce ina kwana Baba, ya wuce. Maliki ya amsa wa bayansa. Da ya sake zagayowa ya tambayi gajiya, a zagaye na gaba ya yi barka da arziki, a na gaba ya tambayi mai jego. Gaisuwarmu kuwa kun san ba gajeriya ba ce, kuma Bunyaminu bai taɓa tsallake ko layi ɗaya ba. Dattawa suna juya wuya suna binsa. Yara suka jeru a bayansa suna gudu. Mata suka leƙo ta saman darni. Ya tambayi shanu, ya tambayi ruwa, ya tambayi 'yanci, Maliki ya ce 'yanci lafiya, ba su dai gan shi ba tukuna. Gaisuwa ta ƙare, ƙafafu suka gaji, wuta ta fara tashi a ƙarƙashin rawanin.

Namadi ya ce, ba da kowa yake ba, rana na yi, kan jariri kuma ba ya jiran mai wasa.

Maliki ya ɗaga sanda. "Bunyaminu, kai za ka yi askin ga ko keken?"

Zagayen da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a rayuwarsa. In ya yi tsalle, ya san abin da ya same shi kusa da akurki, kuma wannan karon a gaban tunga guda ne, daga nan sai asabari. In ya juya gida, ya bar wa Namadi kan yaron da duk abin da ke bayansa. In ya faɗi gaskiya, ya ƙaryata kansa da bakinsa, shi da ya rantse wa duniya ya fi da. Ya zo daidai tabarma, bai kalli kowa ba.

"Baba, ba ni iya sauka. A riƙe ni."

Dattawa suka dubi juna, ba wanda ya san ta inda ake riƙe mai keke. Namadi ne ya ajiye aska ya tashi, don shi kaɗai ya gane inda matsalar take. Ya cafke kariya, ya sa kafaɗa, ya ce a kawo abin takawa, aka mirgino wani kututture. Ya sauko da shi a hankali kamar tulu cike da ruwa. Bunyaminu ya tsaya a gaban Maliki, ya tuɓe takalmi da yatsun ƙafa, ya gwada durƙusawa, rawani da ciwo suka ce a'a. Sai ga shi tsaye ƙiƙam a kan dattawan tunga, shi da bai taɓa fin kowa tsawo ba.

Tunda abin ya kai haka, ya juya musu baya, ya ɗage riga, aka warware rawanin. Tsofaffi suka matso da gwiwa suna duba ɗinkin. Wani ya ce kamar an ɗinke buhu, wani ya ce a'a, wannan hannun dukawa ne. Namadi ya daɗe yana kallo, ya bi tabon da yatsa. Bunyaminu ya faɗi yadda aka yi duka, har da ƙahon Hamsatu, fuskarsa na kallon daji.

Maliki ya yi dariya har ya yi tari. Da ya huta ya ce shi kansa rabonsa da durƙuso tun kafin yaƙin Jamus na biyu, ba wanda ya kore shi daga tunga. Ya ce hannu ke aski ba ƙugu ba, kuma hannun da ya san kan gidan nan shi zai taɓa yaron. Amma ƙaho, tunda bai yi wa mai shi rana ba, daga yau bayan tsofaffin tunga na Namadi ne, shi da ya iya sauke mutum.

Haka aka yi. Da aka raɗa suna aka yanka rago, Bunyaminu ya shiga cikin gida. Zama a tabarma ya sunkuya ba zai yiwu ba, sai ungozoma ta tsaya a tsaye ta ɗago jaririn daidai ƙirjinsa, tana mita cewa ita ma tana da baya. Ya ɗora aska. Kan yaro ya fito sumul kamar ƙwai, mata suka yi guɗa, gidan Maliki ya zauna inda yake. Namadi ma ya koma da rabonsa, sai dai tun kafin a watse tsofaffi biyu sun ja Bunyaminu gefe suna tambayarsa a ina ake shiga motar Kano.

Kafin ya dawo, Hamsatu ta ji labari, ta je gidan ubanta da gidan liman da cikin gidan mai gari ta faɗi gaskiyar magana. Manya suka karɓa, mai gari har ya aiko a ce masa ya yafe masa sauka, ya riƙa gaisuwa daga sama, ƙararrawar dai ce ba ya so. Mu ne muka ƙi yarda. Mun ga abin da muka gani da idonmu, labarin ya riga ya kai kasuwar Zagga cewa wani wanzami ya wuce mai gari a kan keke yana kaɗa masa ƙararrawa, ba za mu bari guringuntsi ya ƙwace mana gwarzo ba. Ban da haka, kafin a sauke tutar Ingila ciwon baya ya ɓarke a ƙauyenmu. Duk saurayi mai keke ya kamu. Za ka ga ƙato ya wuce dattijo yana dafe da ƙugu yana yamutsa fuska, in ya sha kwana ya saki hannu biyu yana fito. Bunyaminu in ya gan su yakan kau da kai. Shi har yau, a duk inda ya san akwai kututture ko turmi kusa, sai ya tsaya ya lallaɓa ya sauka, ya yi gaisuwarsa a tsaye, yana ba da haƙuri.

Kwanan baya na je aski. Yanzu a kan katangar zaurensa ake zama don kada ya sunkuya, ƙafafunka na lilo kamar na yaro. Yana wasa aska na jero masa duk abin da kuka ji a farkon nan, sarkin aska, mai ƙasa biyu, wanda ya kawo 'yanci a kan sirdi. Na ce masa zan rubuta, a karanta a Bagudo, a karanta har Kaduna, jikoki su san wanda ya fara ɗaga kan talaka a ƙasar nan. Ya bar ni na gama, ya shafa min ruwa a ƙeya.

"Ni dai bayana ka ciwo, Ɗanliti. Duƙar da kanka, ka cika motsi."